Shin Ko Kun San? Injin Fetur Da Lantarki Da Ya Gasa Wa Masu Tsere Aya A Hannu

Shin ko kun san cewa a 2014 ne gasar tseren motoci ta Formula 1 ta ajiye tsohon injinta mai silinda takwas da lita 2.4, ta rungumi ƙarami mai silinda shida da lita 1.6, wanda ke haɗa ƙarfin fetur da na lantarki? Dokar ta kuma hana kowace mota shan fiye da kilo 100 na mai daga farkon tsere zuwa ƙarshensa.

Shin ko kun san cewa na'urori biyu ne suka riƙa cajin batirin wannan injin? Ta farko, MGU-K, tana tara ƙarfin da ke salwanta idan direba ya taka birki, sai ta mayar wa tayoyi da ƙarfin doki kusan 160. Ta biyu, MGU-H, tana cin moriyar hayaƙin da ke juya turbo, kuma an yarda ta juya har sau 125,000 a minti guda. Ita ce ta fi hana injiniyoyi barci, domin zafi da girgiza sukan cinye ta.

Shin ko kun san cewa a gwajin farko da aka yi a filin Jerez na Sifaniya cikin Janairun 2014, Red Bull, wadda ta ci kambu shekaru huɗu a jere, zagaye 21 kacal ta iya yi cikin kwana huɗu? Injin Renault da ke jikinta ya riƙa ɗaukar zafi yana mutuwa, motar ta fi daɗewa a gareji fiye da kan hanya.

Shin ko kun san cewa ko Mercedes da ta fi kowa shiri ba ta tsira ba? A tseren farko a Ostireliya, direbanta Lewis Hamilton ne a sahun gaba, amma wata 'yar roba da ke rufe fulogi ta tsage, silinda ɗaya ta daina aiki, ya fita tun tsere bai yi nisa ba. A ranar kuma aka ƙwace matsayi na biyu daga Daniel Ricciardo na Red Bull saboda motarsa ta zuƙi mai da saurin da ya wuce doka. Duk da haka Mercedes ta lashe tsere 16 cikin 19 a shekarar.

Shin ko kun san cewa Honda ce ta fi kowa shan wuya? Ta dawo a 2015 tare da McLaren, ta matse injinta domin jikin motar ya zama siriri. Turbon ya yi ƙanƙanta, batir ba ya samun isasshen caji, sai lantarki ya ƙare wa direba a tsakiyar miƙaƙƙiyar hanya, abokan hamayya su wuce shi fuu. A Suzuka, a gaban mutanen Japan, direban McLaren Fernando Alonso ya fusata ya kira injin nasa injin GP2, wato na gasar ƙananan direbobi.

Shin ko kun san cewa injuna huɗu kawai aka yarda wa kowane direba a 2015, kuma wanda ya wuce haka akan mayar da shi baya a layin tashi? A Beljiyam, hukuncin Alonso da abokin aikinsa Jenson Button a haɗe ya kai gurbi 105, alhali motoci 20 ne a filin. McLaren ta ƙare shekarar a matsayi na tara da maki 27, kuma ita da Honda suka raba gari a ƙarshen 2017 ba tare da sun shiga ukun farko ko sau ɗaya ba.

Shin ko kun san cewa masu ƙera injin jirgin sama na HondaJet ne suka taimaka aka gyara sandar MGU-H ta injin Honda da ke yawan lalacewa? Mahakurci mawadaci: Max Verstappen na Red Bull ya ci tseren Ostiriya a 2019 da injin Honda, ya zama zakaran duniya a 2021, sannan Red Bull, da injin Honda, ta lashe tsere 21 cikin 22 a 2023.

Shin ko kun san cewa dokar 2026 ta cire MGU-H gaba ɗaya saboda tsada da wuyar ƙerawa? A madadinta an ɗaga ƙarfin MGU-K daga kilowat 120 zuwa 350, ta yadda kusan rabin ƙarfin motar daga batir yake fitowa.