Ƙarkon Ƙarafan Zuga Wajen Fitar da Iskar Haidirojin

Iskar nan da ake kira haidirojin makamashi ce mai tsabta, domin in ta ƙone ruwa kawai take bari. Wahalarta ita ce ajiya. Ba ta da nauyi, tana cin wuri, ga saurin kama wuta. Shi ya sa masana suka nemi hanyar ɓoye ta a cikin gari, a fito da ita sai lokacin bukata.

Garin da ya fi shahara shi ne sodiyam borohaidaraid, wanda Hermann Schlesinger da Herbert Brown suka harhaɗa a Jami'ar Shikago ta Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. In ya gamu da ruwa sai ya saki iska, har giram ɗaya yakan ba da fiye da lita 2. Rabin iskar daga garin take fitowa, rabi kuwa daga ruwan. Don kada ya yi ta zubar da iskar a banza, akan jiƙa shi da irin sodar nan ta yin sabulu, sai ya lafa. To, in ana son ya tashi, dole a kawo abin da zai zuga shi.

Wannan abu na kira shi ƙarfen zuga. Na ari sunan daga maƙera, inda ɗan zuga yake hura wuta amma ba ya shiga cikin garmar da ake ƙerawa. Haka ƙarfen yake: yana gaggauta aiki, ba a kuma cinye shi. A 1953 Schlesinger da abokan aikinsa suka nuna cewa gishirin kobal yana yin wannan aiki, a 1962 kuma aka ga rutiniyam da rodiyam sun fi shi kuzari. Sai dai waɗannan tsada gare su ƙwarai, kobal kuwa da dama-dama.

A littafi, ƙarfen zuga ba ya gajiya. A tukunya kuwa yana gajiya, nan ne ma gizo ke saƙa. Bayan iska ta fita, akan bar wani gishiri, watau sodiyam metaboret. Shi wannan ba ya narkewa a ruwa kamar garin farko, wajen rabinsa kawai yake yi, sa'an nan yana shanye ruwa ya riƙe. Saboda haka sai ya daskare a fuskar ƙarfen ya rufe ta, kamar yadda kanwa ke kama gindin tukunya. Aikin kuwa duk a fuska ake yinsa. In ta rufu, ƙarfen yana nan amma ba shi da amfani. Kobal ya fi fama da wannan, ko da yake wanke shi da ruwan asid mai sauƙi yakan dawo da yawancin ƙarfinsa.

Akwai kuma ɓarnar da wanki ba ya gyarawa. Kumfar iska tana ɓamɓare ƙwayoyin ƙarfe daga abin da aka ɗora su a kai, ruwa ya tafi da su. Zafin da aikin ke fitarwa yana sa ƙananan ƙwayoyi su dunƙule, fuskar aiki ta ragu.

A ganina, rahotanni da yawa sun fi ɗokin sauri bisa ƙarko. Za ka ga an yaba ƙarfe don ya yi fice a gwajin farko, a maimaita sau biyar ko goma, a ce ya ci jarrabawa. Ma'aikacin da zai sa hannu a sayo inji da kuɗin hukuma, abin da ya kamata ya tambaya shi ne awa nawa ƙarfen zai yi yana aiki ba tsayawa.

A 2001 kamfanin DaimlerChrysler ya nuna wata mota, Natrium, mai tafiya da wannan ruwa. A 2007 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta janye daga batun amfani da shi a motoci, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne tsadar mayar da metaboret garin farko. Daga nan bincike ya fi karkata ga ƙananan na'urori, irin waɗanda ake ɗauka a hannu da jirage marasa matuƙi, inda sauya ƙarfen da ya gaji ba ya da wuya sosai.