Haƙar Ma'adinai da Zaɓen Kumbo a Wasan EVE Online

Gabatarwa

A sararin samaniya akwai ɗimbin duwatsu masu kewaya rana, mafi yawansu tsakanin duniyar Mas da ta Jufita, kuma masana sun tabbatar da cewa wasunsu na ƙunshe da ƙarfe da sauran ma'adinai. Haƙo wannan arziki har yanzu buri ne kawai. A 2020 kumbon Japan mai suna Hayabusa2 ya kawo giram 5.4 na ƙasar dutsen Ryugu, a 2023 kuma kumbon Amurka OSIRIS-REx ya kawo giram 121.6 daga dutsen Bennu. To amma abin da ya faskara a zahiri ya zama sana'a a wasannin kwamfuta. Wannan maƙala za ta duba ɗaya daga cikinsu, watau EVE Online, don a nuna abin da mahaƙi ke aunawa kafin ya zaɓi kumbon aikinsa.

Yadda Wasan Yake

Kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ne ya fitar da wasan a 2003. Dubban mutane ne ke shigarsa ta intanet a lokaci guda, suna zirga-zirga tsakanin taurari fiye da 7,000. Kusan duk kumbon da ake hawa 'yan wasa ne ke ƙera shi da ma'adinan da wasu 'yan wasan suka haƙo. Mahaƙi yakan je inda duwatsu suke, ya saita musu na'ura mai harba haske, ta riƙa gutsuro su tana zubawa a rumbun kumbo. In rumbu ya cika sai ya koma tasha, ya tace, ya sayar. Alal misali, daga dutsen Veldspar ake tace Tritanium, wanda shi ne tubalin ƙirar kumbo. Kasuwar wasan ta bunƙasa har kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Eyjólfur Guðmundsson, aiki a 2007 don ya riƙa nazarinta.

Babbar doka a nan ita ce, kumbon da aka tarwatsa ya tafi ke nan. Mai shi sai dai ya sayi wani, alhali kuɗin na farkon wataƙila guminsa ne na makonni. Saboda haka zaɓen kumbo ba ado ba ne, lissafin riba da hasara ne.

Abubuwa Uku da Ake Aunawa

Kowane kumbon haƙa ana duba shi ta fuska uku: saurin haƙarsa, girman rumbunsa, da ƙwarin garkuwarsa. A 2012 masu wasan suka sake wa manyan kumbunan haƙa fasali, suka ba kowanne fifiko ta fuska ɗaya, suka rage masa ta sauran.

Sabon shiga da Venture yake farawa. Ƙaramin kumbo ne mai araha, mai saurin tserewa, amma rumbunsa bai da yawa. Bayan ya ƙware sai ya fuskanci manyan guda uku. Covetor ya fi kowa saurin haƙa, sai dai rumbunsa ƙarami ne, garkuwarsa kuma ba ta da ƙwari. Retriever ya fi kowa rumbu, don haka mai shi yakan daɗe a bakin aiki bai koma tasha ba. Procurer kuwa garkuwa ce makaminsa, yana jure duka matuƙa. Kowannensu yana da babban wa mai tsada: Hulk ga Covetor, Mackinaw ga Retriever, Skiff ga Procurer.

Duk wanda ya dubi saurin haƙa kaɗai zai ce Hulk ne sarki. Amma mahaƙin da ke aiki shi kaɗai, in ya hau Hulk, rumbunsa zai cika cikin ɗan lokaci, ya ɓata sauran lokacinsa wajen kai-da-kawowa. A ƙarshen yini mai Retriever, wanda bai kai shi sauri ba, yana iya fin sa tarawa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Hulk ba ya nuna amfaninsa sai a cikin ayari, inda wani babban kumbo, kamar Orca, ke tsaye yana karɓar kaya, yana kuma ƙara wa na'urorin abokan tafiya ƙarfi.

Matsalar Tsaro

Ba a gama lissafi sai an san inda za a yi haƙar. An raba sararin wasan gwargwadon tsaro, daga 1.0 zuwa ƙasa. Daga 1.0 zuwa 0.5 akwai 'yan sandan wasan, waɗanda ake kira CONCORD. Ƙasa da haka babu mai kai ɗauki, amma a can ne duwatsu mafi daraja suke. Har ila yau, su 'yan sandan nan ba sa hana laifi, hukunta shi kawai suke yi. Wannan ne ya ba 'yan fashi kafa: sukan haɗu a ƙananan kumbunan yaƙi masu araha, kamar Catalyst, su far wa mahaƙi su tarwatsa shi kafin 'yan sanda su iso. Su ma za a tarwatsa nasu, amma hasararsu ba ta kama ƙafar tasa ba. A 2009 har gasa wasu 'yan wasa suka shirya ta farautar mahaƙa, wadda suka sa wa suna Hulkageddon, watau daga sunan kumbon da suka fi hari.

A nan ne darajar Procurer da Skiff ke fitowa. Ɗan fashi ma lissafi yake yi. In ya ga sai ya salwantar da kumbuna da yawa kafin ya fasa garkuwa ɗaya, sai ya wuce ya nemi mai taushi. Mai Venture kuma yana iya kutsawa wuri mai hatsari, domin ko an kama shi abin da zai rasa kaɗan ne.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa babu kumbon da ya fi sauran ta kowace fuska. Mai aiki shi kaɗai a wuri mai lafiya rumbu yake bukata, mai aiki cikin ayari sauri, mai aiki kusa da 'yan fashi kuwa garkuwa. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasan ke yi wa sababbi gargaɗi da cewa kada mutum ya hau abin da ba zai iya jure rashinsa ba. Wanda ya zuba duk jarinsa a kan Hulk ɗaya, ya fita ba ayari ba garkuwa, yakan wayi gari ya koma kan Venture, ya sake tari daga farko. Da ma Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.