Zubar da Ciki: Wa Ke da Ikon Yanke Shawara?

Idan ana muhawarar zubar da ciki, tambayoyi biyu ne sukan cuɗe da juna, kuma ya kamata mai hidima ya iya raba su. Ta farko ita ce ko abin zunubi ne a gaban Allah. Ta biyu kuwa, ko ya kamata hukuma ta hukunta shi, kuma wa zai faɗi haka. Ba kowane zunubi ne doka take kamawa ba. Ba a kai mai ƙyashi kotu. Amma inda ran mutum ya shiga, da wuya hukuma ta ce babu ruwanta.

Saboda haka tushen gardamar shi ne matsayin abin da ke cikin mahaifa. Zabura 139 da Irmiya 1:5 suna nuna cewa Allah ya san mutum, yana kuma siffanta shi tun kafin haihuwa. A Luka sura 1 ma mun ga Yahaya yana motsi a cikin Alisabatu sa'ad da Maryamu ta gaishe ta. Wurin da ke da wuya shi ne Fitowa 21:22-25, inda maza suke faɗa har suka bugi mace mai ciki. Kalmar Ibraniyanci tana cewa ne kawai 'ya'yan sun fito. Wasu masana sun ce ɓari ake nufi, tarar da aka sa kuma ta nuna ba a ɗauki tayi daidai da wanda aka haifa ba. Wasu sun ce haihuwar bakwaini ce, hukuncin rai kuwa ya shafi uwa da ɗa. Tsohuwar fassarar Helenanci ta bi wata hanya, ta bambanta tayin da ya siffantu da wanda bai siffantu ba. Ni dai shawarata ga ɗalibai, kada ku ɗora dukan koyarwarku a kan wannan aya. Duk da haka, littafin Didake na ikilisiyar farko ya hana zubar da ciki a fili.

A Amurka, a shekarar 1973, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Roe da Wade cewa tsarin mulki ya ba mace 'yancin yanke wannan shawara, musamman a farkon ciki. Aka yi shekara 49 a haka. A watan Yuni na 2022, a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga dokar jihar Misisifi da ta hana zubar da ciki bayan mako 15, kotun ta rushe hukuncinta na dā. A lura, ba ta haramta zubar da ciki ba. Cewa ta yi ba aikin alƙalai ba ne, ta mayar da maganar ga majalisun jihohi. Yanzu abin da yake halal a Kalifoniya laifi ne a Tekzas. A ƙasar Ayalan jama'a ne suka yanke ta ƙuri'ar raba-gardama a 2018, suka cire hanin. Faransa kuwa ta sa 'yancin a cikin tsarin mulkinta a 2024.

Masu cewa mace ce za ta zaɓa hujjarsu ita ce jikinta ne ke ɗaukar wahala da haɗari, kuma hani ba ya kawar da abin, sai dai ya tura shi ɗakunan ɓoye inda mata suke mutuwa. Wannan hujja tana da nauyi, kada mu raina ta. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce akwai mutum na biyu wanda ba shi da bakin magana, kuma don irinsa aka yi doka. A nan nake tsaye, amma ba tare da na manta da matan da ake binnewa ba.

A Nijeriya, dokar hukunta laifuffuka ta Arewa ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin kuma yana iya kai ɗaurin shekara 14. Amma ƙasar ta amince da Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ta nemi a ba da dama idan an yi fyaɗe, ko ciki daga dangi na kusa, ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Yarjejeniya ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, don haka wannan magana za ta dawo.

A aikin kiwo, abu biyu za ku tarar. Idan likita ya ce ciki ya zauna a wajen mahaifa, ɗan ba zai rayu ba, uwar kuma tana iya mutuwa da zubar jini. Kada fasto ya hana aikin tiyata da sunan bangaskiya. Na biyu ya fi taɓa mu. A ikilisiyoyi da yawa, yarinyar da cikinta ya fito ita ake sa wa horo a gaban jama'a, wadda ta zubar a ɓoye tana nan a ƙungiyar mawaƙa, saurayin kuma ba wanda ya kira shi. Iyaye sun san wannan lissafi sarai, kuma sau da yawa su ne suke biyan kuɗin zubarwar. Kafin majalisar dattawa ta zauna a kan irin wannan batu, a tambayi wanda zai ciyar da yarinyar, da wanda zai biya kuɗin awo da na haihuwa, a kuma kira saurayin tare da iyayensa.