Hattara da Ribar da Ba ta da Kasuwa

A da, ɗan damfara sai ya taka da ƙafarsa ya shigo gari, mai unguwa ya gan shi, ya tambaye shi inda ya fito. Yanzu kuwa ta wayar hannu yake shigowa. Saƙon da ya isa Ikko da safe ta Facebook ko WhatsApp, kafin azahar ya isa Gidan Dahala a birnin Sakkwato. Saboda haka ya wajaba hakimai da malamansu su san yadda wannan zamba take.

Yadda abin yake

Akan ce mutum ya zuba kuɗi a juya masa, ya karɓi riba mai yawa cikin wata guda. Alhali kuwa babu wani ciniki da ake yi. Kuɗin waɗanda suka shigo daga baya su ake biyan na farko da su. Wanda aka biya sai ya yi murna, ya jawo 'yan'uwansa da zuciya ɗaya, bai san da shi aka ɗana tarkon ba. Ranar da sababbin shiga suka ragu, sai a rufe, masu abin su ɓace.

Haka aka yi da MMM, wadda wani Barashe, Sergei Mavrodi, ya ƙago. Ta yi alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, sa'an nan a Disamba 2016 ta rufe asusun jama'a. Mai lissafi ya duba: da alkawarin gaskiya ne, naira 10,000 da aka bari tana haihuwa sai ta haura naira 230,000 cikin shekara guda. Babu falken albasa ko na fata da ya taɓa ganin irin wannan riba. Haka kuma CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilu 2025, har aka nemi waɗanda kuɗinsu ya maƙale su ƙara biyan wasu kafin a sakar musu. Wannan tarko ne na biyu.

Alamun da za a lura da su

1. Riba mai yawa wadda aka ce babu hasara a cikinta.
2. La'ada ga duk wanda ya kawo wani.
3. Gaggawa, watau a ce in ba a zuba yau ba an makara.
4. Rashin bayanin hajar da ake saye da sayarwa.
5. Nuna takardar rajistar kamfani kaɗai. Ita wannan ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce, sai da rajistar hukumar SEC mai kula da hannun jari.

Aikin hakimai da malamansu

Lalle ne kada hakimi ya yarda a ɗauki hotonsa da irin waɗannan mutane, ko a yi taronsu a ƙofar fadarsa, domin talaka in ya ga rawani sai ya saki jiki. A umurci dagatai da masu unguwa su yi shela a kasuwanni, a kuma roƙi limamai su faɗakar. Wanda aka cuta kada a yi masa dariya, gama kunya ke sa mutane ɓoyewa har a cuci wasu. Malamin hakimi ya rubuta ranar biya, da yawan kuɗin, da lambar asusun da aka tura, a kai wa banki da ofishin EFCC na Sakkwato ba da jinkiri ba. Dokar hannun jari ta 2025 ta haramta wannan sana'a, ta kuma tanadi tara da ɗauri ga masu yinta.

Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, rigakafi kuwa ya fi magani.