Yadda Agabba Ya Haɗa Ƙasar Adar

Manoma da makiyaya na Keita da Buza da Madawa, ga labarin ƙasarku.

A zamanin da, Adar ba ta da sarki ɗaya. Azna ne mazauna ƙasar. Kowane gari da babbansa, kowane kwari da masu shi. In yaƙi ya taso, mutane su bar gonaki su hau dutsi, don doki ba ya gudu bisa duwatsun Adar. Amma rarrabuwar nan ta sa ba su da ƙarfi, sai Kabi ta riƙa ikon ƙasar.

A shekara ta 1674, Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak ya turo ɗansa Agabba daga Agadas. Agabba ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta koma hannun Abzin. Lisawan suna cikin waɗanda suka rako shi, kuma har yau zuriyarsu na Keita. Kel Geres su ma sun gangaro daga baya, suka zauna wajen Madawa.

Agabba ya gaji ubansa, ya daɗe yana sarauta. A 1721 ɗan'uwansa ya tuɓe shi. Ina za shi? Sai ya dawo ƙasar da ya ci da takobi, ya zauna Birnin Adar. Daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta fara. Haɗin bai zo wa talaka a banza ba: wanda ya kare ka, shi za ka auna wa hatsi. Daga baya gidan sarautar ya koma Illela.