Ko Ka Sani? Gauraka da Ƙugiyar Gini Suna Ɗaya Suke Amsawa a Turanci

Idan Bature ya ce crane, sai ka duba inda yake tsaye kafin ka san abin da yake nufi. In a bakin fadama yake, tsuntsu yake nuna maka, ɗan uwan gaurakarmu. In kuwa a tashar jiragen ruwa ta Apapa yake, ko gindin wani dogon bene da ake ginawa a Abuja, to ƙugiyar ɗaga kaya yake nufi.

Tsuntsun ne mai sunan na asali, injin aro ya yi. Dalilin aron kuwa wuya ne. Dogon hannun ƙugiya da ke sunkuyawa ya ɗauko kaya ya miƙe, shi ya tuna wa mutanen da yadda tsuntsun ke sunkuyar da wuya yana kiwo. Ba Turawan Ingila kaɗai suka ga wannan kama ba. Faransawa na kiran su biyun grue, tsoffin Girkawa ma geranos suke ce wa kowannensu. A birnin Gdansk na ƙasar Folan akwai wata tsohuwar ƙugiya ta katako a bakin kogi tun ƙarni na 15, sunan tsuntsun take amsawa har yau.

Dangin wannan tsuntsu iri 15 ne a duniya. Mafi tsayinsu yana Indiya, yakan kai kusan mita 1.8, babu tsuntsu mai tashi da ya fi shi tsawo. Hanya mai sauƙi ta bambance su da zalɓe ko balbela ita ce a dube su a sama: balbela kan naɗe wuyanta in ta tashi, su kuwa miƙe shi suke yi sambal. Gauraka, mai tukkun nan kamar zinariya, ta fita daban da abu guda. Tana da dogon yatsan baya da take kama reshe da shi, shi ya sa take iya kwana a kan itace, yawancin danginta kuwa sai dai su kwana tsaye cikin ruwa. 'Yar uwarta mai ruwan toka ce ke tsakiyar tutar Uganda, daga ita kuma 'yan ƙwallon ƙasar suka samo sunansu. Tamu baƙar, wadda a da take cika fadamun Haɗeja da Nguru da gaɓar Tafkin Chadi, yanzu ganinta a dajin Najeriya sai an tona. Ƙafewar fadamu da kamun da ake yi mata don ƙawata gidajen manya sun ci ta.

Shi kuwa injin, Girkawa ne suka fara aiki da shi wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna ɗora manyan duwatsu a gine-ginensu. Rumawa suka ƙara masa wata ƙatuwar ƙafa ta katako, mutane su shiga cikinta suna takawa, tana juyawa tana naɗe igiya. Ƙarfin ɗan Adam ke nan tsantsa, an ninka shi da dabarar igiya. Sai a shekarun 1840 William Armstrong ya ƙera mai aiki da matsin ruwa a Newcastle, a 1949 kuma Hans Liebherr na Jamus ya fito da doguwar ƙugiya da ake iya kwancewa a kai wani wurin gini a sake haɗawa.

Abin da ke hana ta kifewa shi ne tubalan kankare masu nauyi da ake ɗora mata a gajeren hannunta na baya, kamar dai ma'aunin sikeli. Duk nisan da kaya ya yi daga gindi, ƙarfin ɗaukarta raguwa yake yi, saboda haka abin da za ta ɗaga cikin sauƙi a kusa, a can ƙarshen hannu yana iya jawo ta ƙasa. Babban abokin gabarta iska ce. Shi ya sa in an tashi aiki ba a ɗaure hannun doguwar ƙugiya, sake shi ake yi ya riƙa bin iska duk inda ta juya. Alhazan 2015 ba za su manta ranar 11 ga Satumba ba, lokacin da guguwa ta kayar da wata ƙugiya a Masallacin Harami, mutum sama da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

A maganar yau da kullum kalmar tana zama aikatau ma. Wanda ya miƙa wuya yana leƙe ta kan mutane don ya hango abin da ke faruwa a gaba, da ita Bature zai kwatanta shi. Ta kuma ɓuya a inda ba a zato. Kalmar pedigree, wato salsalar mutum ko ta doki, daga tsohon Faransanci ta fito, ma'anarta ƙafar wannan tsuntsu, domin layukan da marubuta ke ja daga uba zuwa 'ya'yansa a takardar nasaba sun yi kama da sawunsa mai yatsu uku.