Galmi: garin albasa da magani

Duk wanda ya bar Birnin Ƙwanni ya nufi Madawa bisa babbar hanyar kwalta, in ya wuce Malbaza zai iske Galmi. Garin yana cikin jihar Tawa, kimanin kilomita 500 gabas da Yamai. A can baya ɗan ƙauye ne na manoman hatsi da dawa. Yau kuwa sunansa ya kai har bakin teku.

Ƙasar wajen, ƙasar Adar ce da Majiya. Tudu duk duwatsu ne, amma kwari yana da laka mai kyau. Damana gajera ce, wata 3 zuwa 4. Idan aka yi ruwa, sai ya gangaro daga duwatsu ya kwanta cikin fadama. Wannan ne ya sa rijiyoyin garka ba su da zurfi, noman rani kuma ya samu gindin zama.

Abubuwa 3 suka sake fuskar garin. Na farko shi ne asibitin da ƴan mishan suka buɗe a shekarar 1950, wanda marasa lafiya ke zo ma daga jihohi daban-daban, har da Najeriya. Na biyu shi ne hanyar mota, wadda ta kawo fatake. Na uku kuma madatsar ruwa da aka gina a farkon shekarun 1980, bayan yunwar 1973 ta nuna mana cewa damana kaɗai ba ta ciyar da gida.

Albasar Galmi ja ce mai yaji, kuma ta fi irin da yawa jure ajiya. Ana yafa iri wajen watan Oktoba, a dasa, a cire a watan Maris ko Afrilu. Manyan motoci suna kai ta Gana, Kodebuwa, Togo da Benin.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Lokacin cira albasa takan cika kasuwa, kuɗinta ya faɗi. Mai bashi a wuya dole ya sayar da arha. Wanda ya ajiye kuma, sau da yawa ruɓa takan cinye masa rabon da ya sa rai. Ga abin da tsofaffin manoma suka koya mana: a daina ban ruwa kamar mako 2 kafin cira, kada a cika takin zamani, a shanya ta da ganyenta, a ware mai rauni, a zuba cikin rudu mai shan iska. Mai son iri na gari ya dasa uwar albasa nesa da wani iri, domin zuma na gauraya su.

Ruwan da ya kawo arziki yana iya kawo cuta. Inda ya kwanta sauro ke hayayyafa, yaran da ke wanka ciki kuma suna kamuwa da tsargiya. Mu kwana cikin gidan sauro. Yaron da ya yi fitsarin jini, a kai shi likita tun da wuri.

Ƴan uwa manoma, Galmi ta yi suna ne da iri, da ruwa, da aikin hannu. Mu riƙe irinmu da kyau, mu dasa itace bisa tudu, don kada rairayi ya cike madatsar da ƴaƴanmu za su gada.